Yadda Ake Kula da Tsarin Gini da Madogaran Babban Laburaren Manhaja

A kowane babban laburare na buɗaɗɗiyar manhaja, wato tarin kod da aka buɗe wa kowa don wasu manhajoji su riƙa amfani da shi, akwai wasu fayiloli da kowa ke cin moriyarsu, amma da wuya ka samu mai marmarin buɗe su: CMakeLists.txt, meson.build, configure.ac, pyproject.toml, Cargo.toml, package.json, da fayilolin YAML da ke gaya wa injin gwaji, wato injin da ke gina kod ya gwada shi da kansa duk lokacin da aka turo gyara, abin da zai yi. Su ne ke faɗin yadda za a mayar da rubutaccen kod ya zama abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa. Su ne kuma ke lissafa fakitocin wasu mutane da laburarenka ya jingina da su, wato madogaransa. In wani ya turo gyara a kan ainihin kod, masu kula da aikin sukan bi shi layi-layi. In gyaran na fayil ɗin gini ne, da zarar alamar kore ta fito sai a haɗe shi a wuce.

Wannan sakaci yana da tsada, domin duk abin da ka rubuta a waɗannan fayiloli alkawari ne ka ɗaukar wa mutanen da ba ka taɓa gani ba. Da ka ce laburarenka yana aiki da siga kaza ta zlib, ko yana ginuwa da kompaila kaza (manhajar da ke fassara kod zuwa yaren kwamfuta), dubban mutane za su ɗora nasu aikin a kan maganarka. Duk alkawarin da inji bai gwada ba kuwa, zato ne kawai. Matakan da ke tafe suna bin wannan zare ne: ka san me ka yi alkawari, ka sa inji ya riƙa tabbatar da shi.

Mataki na 1: Gina shi a na'urar da ba ta san ka ba

Kafin ka taɓa komai, ɗauko kwantena sabuwa fil, wato keɓaɓɓen muhalli mai kama da sabuwar kwamfuta, ta Debian ko Ubuntu ko Fedora, wadda ba a girka komai a cikinta ba. Sauko da kod daga rumbun Git, ka bi bayanin gini da ke cikin takardun aikin kalma bayan kalma, kada ka ƙara komai daga abin da ka sani a ka. Inda ginin ya tsaya, rubuta dalili. Kusan kullum za ka tarar da madogarar da ba a rubuta a ko'ina ba: wani ɗan rubutun Perl da ake kira a tsakiyar gini, ko pkg-config, ko wani fakiti da ya daɗe a kwamfutar tsofaffin masu aikin har sun manta ba da shi kwamfuta ke zuwa ba.

Abin da ka gano, ka mayar da shi fayil: Dockerfile, ko CMakePresets.json wanda CMake ya fara karɓa tun siga ta 3.19, ko wani gajeren rubutu guda da ke yin ginin daga farko har ƙarshe. Umarnin da injin gwaji ke gudanarwa ya zama shi ne wanda sabon mai ba da gudummawa zai buga a kwamfutarsa. In sun bambanta, wata rana gini zai lalace a injin gwaji kuma babu wanda zai iya maimaita matsalar a gabansa.

Mataki na 2: Ƙirga madogarai, ka raba su gida-gida

Fitar da cikakken jeri, har da madogaran madogaranka. `cargo tree`, `npm ls --all`, `go mod graph`, `mvn dependency:tree` da `pipdeptree` duk wannan aikin suke yi, kowanne a yarensa. Jerin yakan fi abin da mutum ya zata tsawo nesa ba kusa ba.

Sannan ka raba su. Akwai waɗanda laburare ke buƙata lokacin da yake aiki a hannun mai amfani. Akwai na lokacin gini kaɗai, kamar kompaila da masu samar da kod. Akwai na gwaji da na haɗa takardun bayani. Akwai kuma na zaɓi, waɗanda sai mutum ya kunna wata fasaha ake neman su. Rukunin farko ne ya fi nauyi, saboda duk wanda ya girka laburarenka ya gaje su, ko yana so ko ba ya so. Kayan gwaji da suka ɓuya a cikin rukunin farko, ka kwashe su yau.

Kowace madogara a rukunin farko ka yi mata tambayoyi. Me take yi mana, kuma layi nawa za mu rubuta in babu ita? Mutum nawa ke kula da ita, yaushe suka yi sakin ƙarshe? Wane lasisi take ɗauke da shi? Laburare mai lasisin MIT ko BSD da ya haɗa kod ɗin GPL a cikin abin da yake rabawa ya canza sharuɗɗan da masu amfani da shi za su bi, ko da bai sanar da su ba.

A watan Maris na 2016 marubucin left-pad ya cire fakitinsa daga npm, rumbun fakitocin JavaScript. Layi 11 ne kacal, aikinsa cike gefen hagu na rubutu, amma gine-gine masu ɗimbin yawa suka tsaya cik, ciki har da na masu amfani da Babel, galibinsu ba su ma san sun dogara da shi ba. A 2018 kuma aka miƙa ragamar event-stream ga wani baƙo da ya nuna yana son taimakawa, shi kuwa ya cusa masa wata madogara mai satar kuɗin bitkoyin daga manhajar Copay. Ban kawo waɗannan don in ce ka rubuta komai da kanka ba. Abin da ya shafi ɓoye sirri, matse bayanai ko fassara tsarin fayiloli masu sarƙaƙiya, ka bar wa waɗanda suka shekara suna goge shi. Amma aikin layi goma bai cancanci ka ɗaura wa dubban mutane amanar wani baƙo ba.

Mataki na 3: Iyakar sigogi

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma tushen kuskuren shi ne ɗaukar dabarar manhajar da ake girkawa a yi amfani da ita kai tsaye a shafa wa laburare. Mai manhaja irin wannan shi ne na ƙarshe a layi, don haka daidai ne ya kulle kowace madogara a kan siga guda tak. Laburare kuwa a tsakiya yake. Zai zauna a na'ura ɗaya da wasu fakitoci ɗari da kai ba ka san su ba, kuma da yawansu sun dogara da abin da kai ma ka dogara da shi. In ka ce lallai sai siga 1.4.2, wani kuma ya ce lallai sai 1.5.0, mai amfani da ku biyun ya shiga tsaka mai wuya, kuma ba shi da yadda zai yi sai ya jira ɗayanku ya sassauta.

Saboda haka laburare yana buƙatar abu biyu daban. Na farko shi ne tazarar sigogi da kake shelanta wa duniya, mai faɗi gwargwadon abin da ka gwada. Na biyu shi ne fayil ɗin kulle, irin su Cargo.lock, package-lock.json ko uv.lock, wanda amfaninsa na cikin gida ne: yana sa gwajin yau da na gobe su gudana da kaya iri ɗaya, don kada gyaran wani bawan Allah ya faɗi gwaji a kan laifin da ba nasa ba. Kada ka bari lambobin fayil ɗin kulle su malala zuwa cikin abin da kake shelantawa.

Iyakar ƙasa tana da sauƙin fahimta: ita ce siga mafi tsufa da ke da duk abin da kake kira. Iyakar sama ce ke da gardama, kuma amsarta ta danganta da yaren. A npm da Cargo na yaren Rust ana iya samun manyan sigogi biyu na fakiti ɗaya suna zaune tare a gini guda, shi ya sa rubuta `^1.4.0`, wato daga 1.4.0 zuwa ƙasa da 2.0.0, ba ya cutar da kowa sosai. A Python kuwa siga ɗaya tak ake iya girkawa a muhalli guda, kuma tun siga ta 20.3 da ta fito a 2020, pip, mai girka fakitocin Python, yana ƙin girka abin da sharuɗɗansa suka ci karo. A nan iyakar sama da aka sa don tsoro kawai tana toshe wa mutane hanya, har ta hana su karɓar gyaran tsaro. Ra'ayina shi ne kada ka sa ta a Python sai kana da dalili takamaimai da za ka iya rubutawa a gefenta. Go ya bi wata hanya dabam: yana zaɓar siga mafi ƙanƙanta da ta gamsar da kowa, don haka lambar da ka sa a go.mod tana da tasiri kai tsaye a kan masu amfani da kai.

Dalili na gaskiya da ke halatta iyakar sama shi ne ABI, wato yadda kod da aka riga aka gina yake magana da wani kod da aka gina. NumPy 2.0 ya fito a watan Yuni na 2024 da canjin ABI, kuma fakitocin da aka gina a kan 1.x suka kasa tashi da shi. Waɗanda aka gina a kan 2.0 kuwa suna aiki da tsofaffin sigogin 1.x na baya-bayan nan. Darasin da ke ciki: sigar da kake gini da ita da wadda kake yarda a gudanar da kai da ita lambobi biyu ne, kowace da wurin rubuta ta.

Tsarin lambobi na SemVer yana cewa lambar farko ce kaɗai ke canzawa in an karya abin da aka saba, ta biyu don ƙari, ta uku don gyara. Ka bi shi a naka laburaren, amma kada ka miƙa wuya gare shi a na wasu. Niyyar marubuci yake nunawa, kuma marubuci bai san duk hanyoyin da mutane ke amfani da kayansa ba. Ka tuna kuma duk sigar da ta fara da sifili ba ta ɗauki alkawarin komai ba.

Mataki na 4: Gwada gefe biyu na alkawarin, da abin da ke tafe

Yawancin ayyuka suna gwaji da sababbin sigogi kaɗai, domin su ne ke sauka in ba ka ce komai ba. Sakamakon haka iyakar ƙasa takan zama ƙarya a hankali: wani ya yi amfani da fasahar da ta shigo a 1.8, fayil kuma yana nan yana cewa 1.4 ta isa. Ba mai ganewa sai wani mai tsohuwar na'ura ya kawo kuka.

Ka tanadi aƙalla layi uku a injin gwaji. Na farko yana amfani da fayil ɗin kulle, shi ne ke yanke hukunci a kan kowane gyara da aka turo. Na biyu yana girka mafi tsufan sigogin da ka yi alkawari: `uv pip install --resolution lowest-direct` yana yin haka a Python, Cargo yana da `-Z minimal-versions` a sigarsa ta gwaji, a C da C++ kuma kwantenar tsohon tsarin Linux ce ke yin aikin. Na uku yana gudana kullum dare ko mako-mako, ba tare da kulle ba, yana ɗauko sababbin sigogi, har da waɗanda ba a kai ga saki ba na manyan madogaranka da na kompaila. Wannan na ukun kada ya hana haɗe gyaran kowa. In ya faɗi, ya buɗe rahoto da kansa, kuma a samu mutum takamaimai da alhakin dubawa ke wuyansa. Jan layin da aka saba gani ana wucewa, gara babu shi.

Amfanin layi na uku shi ne yana ba ka watanni kafin matsala ta iso ga jama'a. Python 3.12 ya cire distutils, tsohon kayan gina fakitoci, a watan Oktoba na 2023, bayan an shekara biyu ana gargaɗi. CMake 4.0 da ya fito a watan Maris na 2025 ya daina karɓar ayyukan da suka ce iyakarsu ta ƙasa tana ƙasa da 3.5. Kompailan GCC 15 ya mayar da C23, sabon matakin yaren C, matsayin abin da yake ɗauka in ba a faɗa masa komai ba. Duk waɗannan an san da zuwansu tun da sauran lokaci, amma ayyuka da yawa sai ranar da abin ya sauka suka ji labari.

Akwai wata matsala da ta fi waɗannan ɓoyuwa. Tsarin gini yakan gwada ko na'ura tana da wata fasaha ta hanyar gina ɗan ƙaramin kod. In ya ginu, akwai, in bai ginu ba, babu. GCC 14 ya mayar da wasu tsofaffin gargaɗin C kurakurai, misali kiran aikin da ba a gabatar da shi ba. Sai ƙananan gwaje-gwajen nan suka riƙa faɗuwa saboda rubutunsu ya tsufa, tsarin gini kuma ya ɗauka fasahar ce babu, ya kashe ta shiru, ginin ya kammala lafiya lau. Maganin wannan shi ne ka sa ginin ya buga taƙaitaccen jerin abin da ya kunna da abin da ya kashe, ka adana jerin, injin gwaji ya riƙa kwatanta shi da na baya. A injin gwaji kuma kada ka bar fasahohin zaɓi a kan "in an samu". Ka ce a kunna dole, don rashinsu ya tsayar da gini.

Mataki na 5: Tsabtace fayilolin ginin kansu

Ka'ida ta farko: kowane saiti ya rataya a wuyan abin da ya shafa, kada ya game aikin duka. A CMake wannan yana nufin barin `include_directories` da cusa abubuwa cikin `CMAKE_CXX_FLAGS`, a koma ga umarnin da ke farawa da `target_`:

```
cmake_minimum_required(VERSION 3.22...3.31)
find_package(ZLIB REQUIRED)
target_link_libraries(laburarena PRIVATE ZLIB::ZLIB)
target_compile_features(laburarena PUBLIC cxx_std_17)
```

Kalmomin PRIVATE da PUBLIC su ne zuciyar maganar. In madogara ba ta bayyana a fayilolin .h da kake rabawa ba, PRIVATE ce. Da ka sa ta PUBLIC, ta zama wani ɓangare na fuskar laburarenka, kuma cire ta nan gaba zai karya ginin wasu. Ka faɗi matakin yaren da kake buƙata a fili, kada ka bar wa kompaila ya zaɓa maka.

Kada ka kunna `-Werror` ga kowa da kowa. A injin gwajinka, inda ka san sigar kompaila, yana da amfani ƙwarai. A hannun wanda zai gina kod ɗinka bayan shekara uku da sabon kompaila mai sababbin gargaɗi, zai hana shi gina abin da ba shi da aibi. Haka nan `-march=native` ba shi da wuri a saitin asali, don abin da aka gina da shi yana iya ƙin tashi a wata kwamfutar.

Ginin ya iya kammaluwa babu intanet. Injinan ginin Debian, Fedora da Nix a rufe suke, kuma ta hannunsu ne laburarenka ke isa ga mutane masu yawa. Ka fara neman madogara a na'ura, sai in babu ita, kuma mai ginin ya yarda, sannan a sauko da ita. Duk abin da za a sauko da shi a ɗaure shi da tambarin SHA-256, ba da sunan reshe ba. FetchContent na CMake da fayilolin wrap na Meson duk suna da wurin sa wannan tambari.

Lambar sigar laburaren a rubuta ta wuri ɗaya, sauran wurare su karanto daga can. Kuma ka ƙara gwaji guda da mutane ke yawan mantawa: girka laburaren a wata jaka daban, sannan ka gina ɗan ƙaramin aiki da ke neman sa ta `find_package` ko pkg-config, kamar yadda baƙo zai yi. Fayil ɗin .h da aka manta ba a girka ba, nan kaɗai zai tona kansa. Masu laburaren C da C++ su haɗa da `abidiff` don kwatanta ABI da na sakin baya, su ɗaga lambar SONAME, wato lambar da ke jikin sunan ginannen laburare, duk lokacin da ABI ya karye.

Mataki na 6: Kwafin kayan wasu da ke cikin rumbunka

Wani lokaci dole ce ke sa a kwafo kod ɗin wani a ajiye a cikin gida. In ka yi haka, ka ɗauki nauyin bin sawun gyare-gyaren tsaronsa. A watan Satumba na 2023 aka gano ɓaraka a libwebp, laburaren karanta hotunan WebP, sai ga shi Chrome, Firefox da tarin manhajojin da aka gina a kan Electron kowanne sai da ya yi nasa sakin, saboda kowanne yana ɗauke da kwafinsa. Ka tara irin waɗannan a jaka ɗaya. Kowanne ya samu ɗan fayil mai faɗin inda aka samo shi, sigarsa, lasisinsa. Gyaran da ka yi masa ka ajiye a matsayin faci daban, kada ka dama shi cikin kod ɗin, ka kuma tura shi ga masu asalin kayan. Sannan ka bar maɓallin da zai sa a yi amfani da kwafin da ke na'ura maimakon naka.

Mataki na 7: Sabuntawa kaɗan-kaɗan, a kai a kai

Dependabot da Renovate suna turo buƙatar sabuntawa da kansu. In ka bar su a saitin asali za su cika maka akwati har mutane su daina dubawa. Ka haɗa ƙananan sabuntawa na kayan gwaji su zo dunƙule sau ɗaya a mako. Babbar siga kuwa ta zo ita kaɗai, a karanta bayanin canje-canjenta kafin a haɗe. Ka sa jinkirin 'yan kwanaki tsakanin fitowar sabuwar siga da karɓarta, domin gurɓatattun fakitoci galibi ana gano su a cire cikin ɗan lokaci. Abu mafi muhimmanci: waɗannan injina fayil ɗin kulle za su taɓa. Ɗaga iyakar ƙasa da ka shelanta hukunci ne na mutum, kuma sai da dalili.

Gyaran tsaro ba ya jiran mako. `osv-scanner`, `pip-audit`, `cargo audit` da `npm audit` suna kwatanta jerinka da sanannun ɓarakoki. Lokacin da matsalar Log4j, wani laburaren Java, ta fashe a watan Disamba na 2021, abin da ya fi cinye wa mutane lokaci shi ne gano ko suna ɗauke da shi, domin sau da yawa yana can ƙasa, madogarar madogarar wata madogara. Jerin kayan da ke cikin kowane saki, a tsarin SPDX ko CycloneDX, yana amsa wannan tambaya cikin minti ɗaya.

Mataki na 8: Abin da ka saki ya zama abin da ke rumbu

Ranar 29 ga Maris, 2024, Andres Freund, ɗaya daga masu aikin PostgreSQL, ya sanar da cewa ya gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse a xz, manhajar matse bayanai, sigogin 5.6.0 da 5.6.1. Abin da ya ja hankalinsa shi ne shiga kwamfuta daga nesa ta SSH ya ƙara nauyi da kusan rabin daƙiƙa. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana ba da gudummawa har aka amince masa da yin saki. Mugun kod ɗin yana ɓoye cikin fayilolin gwaji, amma abin da ke tayar da shi wani rubutun gini ne mai suna build-to-host.m4, wanda gurɓatacciyar sigarsa tana cikin ƙunshin saki kaɗai, babu ita a Git. Har ila yau an tarar mutumin ya saka ɗigo guda a cikin ɗan kod ɗin da CMakeLists.txt ke gwada Landlock, wata kariyar Linux, da shi, don gwajin ya riƙa faɗuwa kullum, kariyar ta zauna a kashe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce fayilolin da ba wanda ke karantawa.

Don haka ƙunshin saki ya fito daga injin gwaji, daga alamar Git da aka sa wa hannu, ba daga kwamfutar mutum ɗaya ba. In tsarinka yana samar da fayiloli lokacin saki, kamar `configure` na Autotools, a samu mataki da zai sake samar da su ya kwatanta. Ka yi ƙoƙari gini biyu daga kod ɗaya su ba da sakamako iri ɗaya har zuwa bait na ƙarshe. `SOURCE_DATE_EPOCH` yana kawar da bambancin lokaci, `diffoscope` kuma yana nuna inda sauran bambancin yake. Ka sa dokar cewa duk gyaran da ya taɓa fayilolin gini, na injin gwaji, ko ya ƙara fayil ɗin da ido ba ya iya karantawa, sai mutum na biyu ya duba.

Injin gwajin ma yana da nasa madogaran. A watan Maris na 2025 aka kutsa cikin tj-actions/changed-files, wani kayan aikin injin gwaji na GitHub, aka karkatar da alamun sigoginsa zuwa kod mai fallasa makullan sirri a cikin rahoton gini. Waɗanda suka ɗaure shi da cikakkiyar lambar kwamit ta asali, wato lambar da Git ke ba kowane canji da aka adana, ba su shiga ciki ba, saboda alama ana iya matsar da ita, lambar kwamit kuwa ba ta matsuwa. Ka ɗaure naka haka, ka rage izinin kowane aiki zuwa abin da yake buƙata kaɗai. Inda rumbun fakitoci ya ba da damar saki ba tare da makulli mai daɗewa ba, kamar yadda PyPI na Python ya fara a 2023, ka koma kansa.

Mataki na 9: Sallamar tsofaffi

Ba za ka riƙe kowace tsohuwar siga har abada ba, kuma yanke hukunci a kan kowace ɗaya-ɗaya yana jawo jayayya marar ƙarewa. Rubuta ƙa'ida tun kafin a zo wurin. Masu manhajojin kimiyya na Python suna da SPEC 0: shekara 3 ga kowace sigar Python, shekara 2 ga manyan fakitoci. Masu C da C++ sukan ɗaura tasu da abin da tsarin Linux mai dogon tallafi ke ɗauke da shi, Ubuntu 22.04, alal misali, yana zuwa da GCC 11 da CMake 3.22. A Rust akwai gurbin `rust-version` a Cargo.toml. Ko wacce ka zaɓa, ka rubuta ta inda kowa zai gani, ka sanar saki ɗaya kafin ka jefar da wani abu, sannan ranar da ka jefar ka bi kod da fayilolin gini ka share duk dabarun da aka yi dominsa. Mutane sukan ɗaga lambar su bar tarkacen.

Canza tsarin gini gaba ɗaya shi ne mafi girman wannan aiki. Qt ya koma CMake a siga ta 6, SciPy ya koma Meson a 1.9, NumPy ya biyo baya a 1.26. In ka zo nan, ka gudanar da tsoho da sabo tare na ɗan lokaci, ka kwatanta jerin fayilolin da kowanne ke girkawa, da sunayen ayyukan da laburaren ke fitarwa, da jerin fasahohin da aka kunna. Ka nemi masu shirya fakiti na Debian, Fedora, Homebrew, conda-forge da vcpkg su gwada tun kafin saki, domin su ne ke gini a kan na'urorin da kai ba ka da su. Ka ba su jadawalin da ke nuna kowane tsohon zaɓi da sunan magajinsa. Kuma tun ranar da ka fara, ka faɗi sigar da za a cire tsohon tsarin a cikinta, don in aka bar biyun ba wa'adi, kowace sabuwar fayil sai an rubuta ta wuri biyu, kuma ba a daɗewa ɗayan yake fara gina wani abu dabam da ɗan'uwansa.